Yam-yam a Fuska: Yadda Damuwa da Fargaba Ke Bayyana a Jiki

Gabatarwa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Likitoci sun tarar da cewa maganar nan tana da wata gaskiya ta daban, domin sau da yawa damuwar da mutum ya ɓoye a zuci takan fito masa a fatar fuska. Sai ya ji leɓɓansa suna yam-yam, ko kumatunsa sun yi nauyi, ko kuwa ya ji kamar kiyashi na tafiya a goshinsa, alhali in ya duba madubi ba ya ganin kome.

Mai jin wannan abu yakan faɗa cikin ɗayan haɗari biyu. Na farko, ya tsorata ya ɗauka ajalinsa ne ya zo, ya ƙarar da dukiyarsa wajen neman maganin cutar da ba ya da ita. Na biyu, ya raina abin ya ce ai tunani ne kawai, alhali kuwa shanyewar ɓarin jiki ce take sallama. An shirya wannan ɗan littafi domin mai karatu ya san dalilin yam-yam ɗin fuska, ya san lokacin da zai kwantar da hankalinsa, ya kuma san lokacin da tilas ne a garzaya asibiti ba tare da ɓata ko minti ɗaya ba. An ɗauki birnin Maiduguri misali, amma bayanin ya shafi kowane ɗan Nijeriya.

1. Yadda abin yake zuwa

Kowa ya san abin da ke faruwa in mutum ya daɗe zaune a kan ƙafarsa, ya tashi ya ji ta sage, sa'an nan ta shiga tsattsira kamar ana soka allurai. Wannan shi ne ake kira minjirya, sunan kifin nan mai jan mutum in an taɓa shi, wanda masuntan Tafkin Chadi suka sani sarai. Irin wannan ji ne mai fargaba kan samu a fuska ba tare da ya danne kome ba.

Galibi yakan fara ne a kewayen baki da kan hanci, ya bazu zuwa kumatu. Yawanci yana kama ɓangarorin fuska biyu tare, kuma yakan haɗa da kan yatsun hannu. Ba safai yake zuwa shi kaɗai ba. Abokan tafiyarsa su ne faɗuwar gaba, bugun zuciya da sauri, bushewar baki, jiri, gumi, karkarwa, da jin kamar numfashi ba ya isa. A wurin waɗansu yakan taso farat ɗaya, ya kai matuƙa cikin kamar minti 10, sa'an nan ya lafa. A wurin waɗansu kuma yana zuwa yana tafiya kwana da kwanaki, ya ƙaru in an shiga tunani, ya ragu in hankali ya tafi kan aiki ko hira.

2. Jijiyoyin da ke kula da fuska

A Hausa kalmar jijiya tana nufin abu biyu. Akwai jijiyar jini, akwai kuma jijiyar saƙo, watau farin zaren da ke kai labari daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, ya komo da umurni zuwa tsoka. Ta biyun ce ta shafe mu a nan.

Jijiyoyin saƙo tagwaye 12 ne ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Ta biyar a cikinsu ita ce ke ɗauke da jin fuska, tana da rassa uku a kowane ɓari: ɗaya na goshi da ido, ɗaya na kunci da leɓen sama, ɗaya kuma na muƙamuƙi da leɓen ƙasa. Ta bakwai kuwa ita ce ke motsa tsokar fuska, da ita ake murmushi, da ita ake rufe ido. Saboda haka rashin jin daidai a fata aikin jijiya ɗaya ne, karkacewar baki kuma aikin wata ce dabam. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, zai yi masa amfani a gaba.

Leɓe da kan yatsu suna cikin wuraren da bakin jijiyoyin saƙo suka fi yawa a jikin ɗan Adam. Shi ya sa in wani abu ya tayar da jijiyoyin jiki baki ɗaya, nan ne ake fara ji.

3. Abin da tsoro ke yi wa jiki

A shekarar 1915 wani masanin aikin jiki na Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya bayyana yadda jiki ke shiryawa in ya hangi haɗari: ko dai ya yi faɗa ko ya gudu. Da zarar ƙwaƙwalwa ta ga abin tsoro, sai ta aika saƙo ga waɗansu 'yan ƙulli biyu da ke zaune a kan ƙoda, su zuba wani sinadari mai suna adiranalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya yawaita, tsoka ta ɗaure, ƙananan jijiyoyin jini na fata su tsuke domin a tura jini zuwa manyan tsokokin hannu da ƙafa.

Wannan shiri alheri ne ga wanda ya yi kiciɓis da maciji a gona. Matsalar ita ce jiki ba ya rarrabe haɗarin da ke gabansa da wanda ke cikin tunani. Bashin da ya ƙi biyuwa, jarrabawar da ke tafe, ɗan da ya ɓace ba labari, ko ƙarar tayar mota da ta fashe ta tuna wa mutum ranar da ya ji tashin bam, duk suna iya tayar da shiri iri ɗaya. In abin ya daɗe, sai jiki ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana dare da rana.

Daga nan yam-yam ke samun hanya. Tsokar muƙamuƙi da ta wuya da ta goshi suna ɗaurewa, waɗansu ma har cizon haƙora suke yi cikin barci ba su sani ba, su wayi gari fuska ta yi nauyi. Bugu da ƙari, mai fargaba yakan kafa wa jikinsa kunne, ya riƙa jin ƙananan motsin da mai kwanciyar hankali ba ya ma lura da su. Amma babbar hanyar ita ce ta numfashi.

4. Numfashi da yam-yam

Baligi mai lafiya in yana zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Kowane numfashi yana shigo da iskar oksijin, ya fitar da iskar kabon wadda jiki ya gama da ita. Sai dai jini yana bukatar a bar masa wani adadi na iskar kabon, domin ita ce ke riƙe masa ɗan tsamin da ya dace da shi.

In tsoro ya sa mutum haki, ko yawan ajiyar zuciya mai zurfi, alhali ba gudu yake yi ba, sai ya fitar da iskar kabon fiye da kima. Tsamin jini ya ragu. Da ya ragu, sai wani sashe na sinadarin kalsiyam da ke yawo cikin jini ya manne wa furotin ɗin jini, wanda ya saura a sake ya yi kaɗan. Kalsiyam kuwa shi ne ke sa jijiyoyin saƙo su natsu. In ya yi ƙaranci sai su riƙa aika saƙo ba wanda ya taɓa su, ƙwaƙwalwa kuma ta karanta saƙon a matsayin tsira ko tafiyar kiyashi. In hakin ya tsananta, yatsu kan ƙandare su tattaru wuri ɗaya. Ƙarancin iskar kabon yana kuma tsuke jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa kaɗan, daga nan jiri da dishi-dishin gani ke zuwa.

To, ga inda abin ke zagayawa. Mutum ya ji leɓɓansa sun sage, ya ce shi ke nan ɓarin jikina zai shanye. Tsoro ya ƙaru, haki ya ƙaru, yam-yam ya ƙaru. Yana jin kamar iska ta yi masa kaɗan, alhali yawanta ne ya jawo masa wahalar. Da numfashi zai koma daidai, jini ma zai koma daidai cikin 'yan mintoci, ba tare da an bar wata illa ga jijiya ba.

5. Misalin Maiduguri

Mutanen Maiduguri sun ga abubuwan tayar da hankali masu yawa a cikin shekaru kaɗan. Rikicin Boko Haram ya ɓarke a birnin a watan Yuli na 2009, ya kuma raba kimanin mutum miliyan 2 da gidajensu a Arewa maso Gabas, da yawa daga cikinsu Maiduguri suka nufa. A watan Fabrairu na 2023 gobara ta cinye babban sashe na Kasuwar Monday. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni irin su Gwange, ya shiga Fadar Shehu da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka bar muhallinsu. Dattawa sun tuna irin wannan ambaliya a 1994.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi cewa a wuraren da aka sha fama da rikici, kusan mutum 1 cikin kowane 5 yana ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, kamar baƙin ciki mai tsanani, ko fargaba, ko firgicin da ke biyo bayan masifa. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cutar fargaba a duniya.

A ɗauki misalin magidancin da shagonsa ya ƙone, ya ci bashi ya sake kafawa, sa'an nan ruwa ya zo ya tafi da kayan. Yana fita nema kullum, ba ya kuka a gaban iyali, domin an san namiji da haƙuri. Amma duk lokacin da hadari ya haɗu sai ya ji gabansa na faɗuwa, bakinsa na yam-yam. Irin wannan mutum ba malalaci ba ne, ba kuma mai raunin zuciya ba. Jikinsa ne ya riƙe abin da ya gani. Haka abin yake ga manomin Zamfara da 'yan bindiga suka kora daga gonarsa, da ɗalibar Zariya mai jiran sakamako, da direban Legas mai kwana a kan hanya.

6. Abin da likitocin Nijeriya suka daɗe da sani

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin jiyyar masu larurar ƙwaƙwalwa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, inda majiyyaci ke zaune tare da danginsa yana karɓar magani. Daga baya ya zama Mataimakin Babban Darakta na Hukumar Lafiya ta Duniya. A 1960 Dokta Raymond Prince, wanda ya yi aiki a Aro, ya rubuta bayani a kan ɗaliban Nijeriya da ke kuka da zafi da jin tafiyar wani abu a ka da wuya, tare da kasa fahimtar karatu. A Enugu, Peter Ebigbo ya tsara jerin tambayoyi na auna irin waɗannan koke-koke na jiki. A 1987 Roger Makanjuola ya bayyana larurar da Yarbawa ke kira ode ori, inda majiyyaci ke jin kamar wata halitta na rarrafe a cikin kansa, tare da bugun zuciya da ƙara a kunne.

Darasin da aka samu shi ne, mutanenmu ba safai sukan je wurin likita su ce ina cikin damuwa ba. Abin da sukan ce shi ne kaina na zafi, ko wani abu na yawo a jikina, ko fuskata ta sage. Koken gaskiya ne, jin da suke yi ma gaskiya ne, ba ƙirƙira suke yi ba. Kuskure ne a ce wa irin wannan majiyyaci ba abin da ke damunka.

7. Alamun da ba a jira

Kada kowa ya yanke wa kansa hukunci cewa damuwa ce kawai in ya ga ɗaya daga cikin waɗannan. A nemi mota ko Keke Napep a nufi babban asibiti nan take:

(a) Sagewa ta kama ɓari ɗaya na fuska farat ɗaya, musamman in ta haɗa da hannu ko ƙafa na wannan ɓarin.

(b) Baki ya karkace. A ce wa mutum ya yi murmushi, a duba ko gefe ɗaya ya zube.

(c) Hannu ɗaya ya yi rauni. A ce ya ɗaga hannuwansa biyu, a duba ko ɗaya na sauka da kansa.

(d) Magana ta sarƙe, ko ya kasa gane abin da ake faɗa masa.

(e) Gani ya ɗauke ko ya rabu biyu, ko tafiya ta zama tangaɗi, ko ciwon kai mai tsanani ya sauko lokaci ɗaya.

(f) Ciwon ƙirji mai dannewa wanda ke harbawa zuwa hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi.

(g) Leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya yi wuya, bayan cin wani abinci, ko shan magani, ko harbin zuma.

Alamu biyar na farko na shanyewar ɓarin jiki ne, watau jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini shi ne babban mai jawo ta. A lura da lokacin da abin ya fara a gaya wa likita, domin maganin narkar da gudan jini yana da iyakar lokaci, kimanin awa 4 da rabi, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa kafin a ba da shi. Kada a ɗura wa majiyyaci ruwa ko abinci ko jiƙo, yana iya shaƙewa. Ko da alamun sun wuce da kansu cikin mintoci, a je asibiti a ranar, domin sau da yawa gargaɗi ne na babbar da ke tafe.

Gaskiya ne fargaba ma takan kama ɓari ɗaya wani lokaci. Amma tantance wannan aikin likita ne. Gara a je a ce ba kome, da a zauna a yi da-na-sani.

8. Waɗansu cututtukan da ke kama da shi

Akwai larurar da ke kama jijiya ta bakwai ita kaɗai, ɓarin fuska ya saki, ido ya ƙi rufuwa, goshi ya ƙi tattaruwa, amma hannu da ƙafa lafiya lau. Jama'a kan ce marin aljani ne. Kumburin jijiya ne, yawancin masu ita suna warkewa, kuma magani ya fi aiki in an fara shi cikin kwana 3 na farko. A kuma kiyaye idon kada ya bushe.

Ƙwayar cutar ƙarambau takan kwanta a jijiya shekaru da yawa, ta farka ta sa zafi da tsira a ɓari ɗaya, bayan 'yan kwanaki ƙuraje masu ruwa su fito a jere. In sun kusanci ido, a gaggauta ganin likita.

Kuturta tana farawa da tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. Tana warkewa sarai, kuma maganinta kyauta ne.

Har ila yau akwai ciwon sukari da faɗuwar sukarin jini, ciwon ɓarin kai, ruɓewar haƙori, ƙarancin bitamin B12, ciwon ƙoda mai rage kalsiyam, da illar waɗansu magunguna, har da ɗaya daga cikin na tarin fuka. Man shafawa mai ƙarfi, musamman na sauya launin fata, shi ma yana sa fuska raɗaɗi. Mai shan maganin asibiti kada ya daina da kansa, ya koma ya shaida wa wanda ya rubuta masa.

9. Abin yi in fargaba ta taso

Wannan shawara ta wanda likita ya riga ya duba ne, ya tabbatar masa fargaba ce, kuma babu ko ɗaya daga alamun sashe na 7.

Ka zauna, ka jingina bayanka, ka sassauta wuyan riga. Ka ɗora tafin hannu a kan cikinka. Ka rufe baki ka ja numfashi ta hanci a hankali kana ƙirga 4, ka bar ciki ya taso, ƙirji ya zauna. Sa'an nan ka saki numfashin sannu a hankali kana ƙirga 6, kamar mai hura kunu mai zafi. Ka ci gaba har minti 5. Kada ka yi ta jan dogon numfashi da ƙarfi, wannan ƙara wa wuta itace ne. Ka saki muƙamuƙi, haƙoran sama su rabu da na ƙasa, ka sauke kafaɗu. Ka tuna wa kanka cewa ka san wannan abu, ya taɓa zuwa ya wuce.

Wanda ke kusa kuma kada ya yi ihu, kada ya tara jama'a. Ya zauna gefe ya yi magana a natse, misali ya ce, "Yaya, ga ni nan tare da ke, bi numfashina a hankali." A da akan sa mai haki ya yi numfashi cikin jakar takarda. Likitoci sun daina ba da wannan shawara, domin in ciwon zuciya ne ko asma, rage masa iska na iya halaka shi. Leda kuwa kada a kusantar da ita ko kaɗan.

Yana da kyau a riƙa gwada wannan numfashi safe da yamma lokacin da ake lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

10. Abin kiyayewa yau da kullum

Barci isasshe yana rage fargaba, baligi na bukatar awa 7 ko fiye. Goro da shayi mai kauri da kofi da lemon ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda ke ƙara bugun zuciya ya hana barci, sai a rage su, musamman da yamma. Taba ma haka. Tafiyar ƙafa ta minti 30 a yawancin ranakun mako tana taimakawa ƙwarai. A garuruwa masu zafi irin Maiduguri, inda ma'aunin zafi kan wuce 40 a watannin bazara, a yi tafiyar da sassafe ko bayan la'asar, a kuma sha ruwa sosai. Yawan kallon hotunan tashin hankali a waya kafin kwanciya yana tayar da abin da ya kwanta.

Babban abin gudu shi ne sayen ƙwayar kwantar da hankali a kemis ba tare da takardar likita ba. Ƙwayoyi irin su diazepam suna ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni, kuma barinsu farat ɗaya na iya jawo fargaba mai tsanani har da farfaɗiya. Tramadol da maganin tari mai kodin, wanda aka hana sarrafawa da shigo da shi a 2018, sun jefa matasa da yawa cikin halin da ya fi na farko muni. Haka nan tsaga ko ƙaho a fuska ba sa fitar da kome, sai dai su bar tabo, su kuma buɗe ƙofa ga cututtukan da ake ɗauka ta jini.

11. Abin da za a tarar a asibiti

In yam-yam ya yi ta dawowa, ko fargaba ta hana mutum barci, ko aiki, ko fita kasuwa har mako biyu, ya fara da asibitin da ya fi kusa da shi. Ma'aikacin lafiya zai tambayi yadda abin ya fara, ya auna jini, ya gwada sukari, ya duba ƙarfin fuska da gaɓoɓi, wani lokaci ya tura ɗakin gwaji. A faɗa masa gaskiya duka: magungunan da ake sha, na asibiti da na gargajiya, da abin da ya faru a rayuwa kafin ciwon ya fara. Ɓoye wa likita labari cutar kai ne.

In an tabbatar fargaba ce, tana da magani. Akwai jiyya ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke tayar masa da tsoro da yadda zai fuskance shi. Akwai kuma magungunan da ake sha kullum, waɗanda sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga amfaninsu, saboda haka sai an yi haƙuri, kuma ba a barinsu sai da izinin likita. Mai ciki da mai shayarwa su shaida wa likita halin da suke ciki.

A Maiduguri akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a kan hanyar Baga, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a kan hanyar Bama. Akwai irin wannan asibiti na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Aro, Yaba, Enugu, Kalaba da Benin. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato su ma suna da sashen da ke duba waɗannan larurori. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci domin su iya gane irin waɗannan matsaloli a kusa da gida.

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Sabuwar dokar ta tanadi kare mutuncin majiyyaci da haƙƙinsa, ta kuma hana nuna masa bambanci. Zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum ya haukace, kamar yadda zuwa asibitin ido ba ya nufin ya makance.

Duk wanda ƙuncin rai ya kai shi ga tunanin cutar da kansa, ko ya ji rayuwa ta ishe shi, ya gaya wa wani na kusa da shi a yau, a raka shi asibiti. Wanda aka gaya wa kuma kada ya bar shi shi kaɗai.

12. Nauyin da ke kan iyali da shugabanni

Mutane da yawa sukan fara kai kukansu wurin malami ko mai maganin gargajiya. Addu'a da nasiha suna sanyaya zuciya, kuma ba sa hana zuwa asibiti. Abin da ake roƙo shi ne malamai da masu magani su san alamun sashe na 7, su tura mai su asibiti nan take. Haka kuma a guji ɗora wa maƙwabci ko kishiya zargin sammu saboda larurar da aka san dalilinta, domin zumunci da yawa ya lalace ta wannan hanya.

Maigida ya saurari matarsa in ta yi kuka da jikinta, kada ya ce raki ne. Uwargida ta lura da maigida in ya daina barci ko ya yawaita faɗa. Malaman makaranta su lura da yaron da ke yawan kuka da ciwon kai ko ciwon ciki gab da jarrabawa. Bulama da lawani da mai unguwa, su da suka san gidan da aka yi rashi da gidan da ruwa ya ci, su ne suka fi cancanta su nuna wa jama'a hanyar asibiti.

Kammalawa

Abubuwa huɗu ake so mai karatu ya riƙe. Na ɗaya, damuwa da fargaba suna iya sa fuska yam-yam, galibi ta hanyar yawan numfashi da ɗaurewar tsoka, kuma wannan ba ya lalata jijiya. Na biyu, sagewar ɓari ɗaya, karkacewar baki, raunin hannu ko sarƙewar magana, asibiti ake nufa da su nan take. Na uku, likita ne ke tabbatar da cewa fargaba ce, bayan ya duba sauran dalilai. Na huɗu, fargaba tana da magani, kuma neman maganinta ba abin kunya ba ne.

Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, ya kuma koya wa mutanen gidansa gwajin murmushi da ɗaga hannu tun kafin ranar bukata ta zo. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.